Dutsen Hagu

Litinin, 3 ga Yuni, ƙarfe shida na safe

Jan kwalekwalen ya tsage daga goshi har kusa da kujerar gaba. Na auna, kamu biyu da rabi. Zan gyara shi. Ni na ƙera shi da hannuna shekara talatin da huɗu da suka wuce, babu mai koya mini yadda ake ɗinke shi.

Helmi tana asibiti. Wuyan hannun dama, karaya biyu. Sun ce sanyin ruwan ya fi karayar ba su tsoro, amma jikinta ya dawo daidai. Na kai wa matata tabarau da silifa. Sai da na kama hanyar fita ta ce in dinga ba tumatir ruwa.

Ƙanƙarar bana ce ta ture dutsen da muka buga. Kowa ya sani in ƙanƙarar kogi ta fashe a watan Mayu har duwatsu take ja. Gangaren Maƙeri, inda ruwan kogi ke zubowa da ƙarfi, na bi shi ya fi sau ɗari biyu. Dutsen nan ba a nan yake ba.

Talata, 4 ga Yuni, da rana

Sanna, 'yarmu, ita ta ba ni wannan littafi tun Kirsimeti, wai in rubuta tarihin sana'ata. To ga tarihi. Ni Tauno Karppinen, a aji huɗu na sakandare na ajiye biro na shiga injin yankan katako. Da injin ya rufe, abokaina suka tafi kudu neman aiki, ni na tsaya. Da kwalekwale ɗaya na fara bayar da haya. Yau talatin da takwas ne a rumfa, da hanyoyi uku da na share da kaina: hanyar tafki kwana biyu, hanyar tsibiri kwana uku, da doguwar hanya kwana shida, wadda Gangaren Maƙeri ke kanta a rana ta huɗu. Taswirar da ake ba baƙi ni na zana. Babu dutse ɗaya a kogin nan da ban san sunansa ba.

Duk wanda ya zo haya, abu ɗaya nake fara faɗa masa: kwalekwale na mutum biyu ne. Mai gaba shi ne ido, mai baya shi ne hannu. Mai gaba ya hango dutse ya kira, mai baya ya karkata. Helmi ce a gabana tun kafin mu yi aure. Ta ce, "Dutse, hagu," in ce, "Na gani." Haka muke. Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin ta yi ƙorafi a kai ba.

Ranar Lahadi duba hanya muka je, kamar kowace shekara kafin a saki baƙi. Shi ke nan abin da ya faru.

Alhamis, 6 ga Yuni, da yamma

An sallami Helmi. Gidan Reijo ta wuce, ƙanenta. Wai gidansa ba shi da bene.

Gidanmu ma matakala uku ne kacal.

Asabar, 8 ga Yuni, ƙarfe bakwai na safe

Na kankare gefen tsagar, na shimfiɗa ƙyalle na farko da gam. Sai ya kwana biyu kafin na biyu. Wanda ya yi gaggawa a wannan aiki ruwa ne zai tona shi.

Ƙofar rumfa ta sake bugun kafaɗata ta hagu. Sau uku ke nan a satin nan. Katakon ya kumbura da damshi, zan fere shi.

Wasiƙar nan mai tambarin asibiti tana aljihun teburin aiki, ƙarƙashin gwangwanin ƙusa. Tun watan Afrilu. Ba ta tare wa kowa hanya ba.

Talata, 11 ga Yuni, da rana

Reijo ya zo ɗaukar kayan sawarta. Tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Kaftin! Ashe kana raye. Na ɗauka yunwa ta gama da kai, mutumin da bai san inda tukunya take a gidansa ba."

Na ce, "Kafin a haife ka nake dafa kofi a bakin kogi."

"Shi ya sa har yau ɗanɗanonsa na kafin haihuwata ne."

Na zuba masa. Rabin ya sauka a kan tebur. Kofin ne ya matsa, ko shi ya matsar da shi, ban sani ba. Ya dubi teburin, ya dube ni, ya ɗauki tsumma ya goge bai ce komai ba. Reijo da bakinsa ba ya rufuwa ko a coci. Da ma ya yi dariya.

Na tambaye shi yaya hannun. Ya ce hannu da sauƙi. Na ce to yaushe za ta dawo, tumatir sun fara fure. Ya juya hularsa a hannu ya ce, "Yayata ta ba ni saƙo, kuma kada ka ci ni, ɗan aike ne ni. Ta ce ta kira dutsen sau biyu. Ta ce sau biyu ka ce ka gani."

Na ce ƙanƙara ce ta ture shi.

Ya ce, "To. Zan faɗa mata."

Alhamis, 13 ga Yuni, da yamma

Baƙi sun fara. Wasu mata da miji 'yan Holan sun dawo daga hanyar tafki, fuska duk cizon sauro, amma bakinsu har kunne. Mijin ya ce iska ta tsare su a tsibiri rabin yini, suka kama kifi biyu, suka ƙona ɗaya suka ci ɗaya. Matar ta ce a shekara ashirin na aurensu ba su taɓa yin faɗa mai daɗi irin na ranar ba, wai shi yana tuƙi dama ita tana tuƙi dama, kwalekwale yana ta kewaya wuri ɗaya kamar kare mai bin jelarsa. Na ce musu haka kowa ke farawa.

Na ba tumatir ruwa.

Juma'a, 14 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Wasu malaman makaranta biyu mata da suka tafi doguwar hanya sun iso. Sun san aiki, an ga alama a tafin hannunsu. Suna ta yabon taswira. Babbar ta ce, "Malam Tauno, kamar kana tare da mu. A Gangaren Maƙeri mun sauka mun duba daga tudu, ga dutsen hagu nan daidai inda ka sa masa jan alama. Ko taku ɗaya bai kauce ba."

Na ce madalla.

Na ɗauki taswirar da suka dawo da ita na duba. Rubutuna ne. Na shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Malaman makaranta ba su san dutse ba.

Asabar, 15 ga Yuni, da safe

Ƙyalle na uku. Zan gyara shi.

Litinin, 17 ga Yuni, da yamma, masaukin farko a hanyar tsibiri

Dole a duba masaukan hanyar tsibiri, a ga itacen wuta da banɗaki, kuma aikin mutum biyu ne. Na kira Reijo. Ya ce zai zo in na yi alkawarin shi zai dafa kofi.

Zama a bayan Reijo azaba ce. Bayansa kamar ƙofar sito, ba ka ganin komai. Tuƙinsa ba tsari, bugu uku sai ya tsaya ya nuna mini agwagwa. Helmi kuwa bugunta ɗaya ne tun safe har yamma, kana iya saita agogo da shi. Ban taɓa lura ba sai yau.

Amma mun yi kilomita goma sha tara, hannuna bai ko yi tsami ba. Shekara sittin da uku. A nuna mini wani sa'ana a gundumar nan da zai yi haka. Mun gasa tsiran nama a sanda, mun ci da baƙin burodi. Reijo ya ce in na mutu shi zai gaji kwalekwalen nan talatin da takwas ya buɗe gidan kiwon kaji da su. Na ce kajin ma sun fi shi iya tuƙi.

Zan koma in faɗa wa Helmi an duba hanya lafiya lau, ba a taɓa dutse ko ɗaya ba. Ta ji daga bakin ƙanenta.

Talata, 18 ga Yuni, da yamma, tsibiri

Ba na son rubuta yau.

Laraba, 19 ga Yuni, ƙarfe biyar na safe, tsibiri

Reijo yana munshari a tanti. Bari in rubuta, tunda littafin nawa ne.

Jiya da hantsi mun fito daga matsatsi mun shiga shimfiɗar ruwan nan mai faɗi kafin tsibiri. Ruwa kwance kamar madubi. Sai Reijo ya daka tsawa, "Dutse, hagu!" Na ce, "Na gani," na danna filafilin tuƙi na karkata dama, muka yi kwana mai kyau muka wuce. Har na ji daɗin kwanar.

Reijo ya ɗora filafilinsa a cinya. Sannan ya ce, ba da muryar wasa ba, "Tauno. Zurfin wurin nan gaba shida ne. Kai ka auna shi, kai ka faɗa mini. Babu dutse a nan, ba a taɓa yi ba."

Bai taɓa kirana da sunana ba tun ranar ɗaurin aurena.

Na ce masa ɗan iska ne, maci amana, an ba shi kujerar yayarsa ya zo yana gwada ni kamar yaro. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan sa a takarda ba. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Zage ni har gobe. Amma ni na sauko da ita daga motar asibiti leɓenta shuɗi. Ba zan sake ba."

Haka muka ƙarasa tsibiri. Ya dafa kofi. Ya miƙo mini ta hannun dama. Tun yaushe yake miƙo mini abu ta dama? Tun yaushe kowa yake yi?

Asabar, 22 ga Yuni, da yamma

Bikin tsakiyar bazara. Jiya duk ƙauye an taru a bakin tafki an kunna babbar wuta. Ban je ba. Na hura wutar sauna, ɗakin wankan tururi, na zauna ni kaɗai, na watsa ruwa a duwatsu har numfashi ya gagara. A bencin sama gurbin Helmi yana nan, katakon ya yi duhu daidai inda take zama.

Sanna ta zo daga birnin Oulu da sabon dankali da kyafaffen kifi. Ta ga madubin motar na hagu a ɗaure da waya. Na ce ginshiƙin ƙofar gida ne, wani ya matsar da shi. Ta ce, "Baba, ginshiƙin siminti?"

Ta shiga rumfa neman almakashi. Ta fito da wasiƙar. Ba ta yi faɗa ba, irin uwarta ce, faɗansu shiru ne. Ta ce, "Tun Afrilu, Baba? Mai gwada tabarau ne ya tura ka, ko ba haka ba? Zan kira su ranar Litinin. Ni zan tuƙa."

Na ce ina da baƙi. Ta ce baƙi sun iya jira, su ba su da abin da ke ƙarewa.

Laraba, 26 ga Yuni, ƙarfe shida na yamma

Mun je. Sun ɗiga mini magani a ido, sun haska, sun auna. Sannan aka sa kaina a cikin wani farin kwano, aka ba ni maɓalli, wai in danna duk lokacin da na ga ɗigon haske. Na yi ta dannawa. Can sai ma'aikaciyar ta tsayar da injin ta ce, "Malam, in ba ka gani ba kada ka danna. Injin yana ganewa. Wani lokacin ba ya kunna komai, yana gwada mutum ne."

Har inji.

Aka sake daga farko. Wannan karon na bi ƙa'ida. Na daɗe zaune hannuna a kan maɓallin ba na dannawa. Ban san shiru yana da tsawo haka ba.

Likita ya nuna mini takarda mai da'ira biyu. Ya faɗi abin da ya faɗa. Ganin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya saura za a yi ƙoƙarin tsare shi, ɗigo safe da yamma har abada. Ya yi maganar mota. Na tambaye shi kwalekwale fa. Ya ce shi bai san kwalekwale ba. Na ce ai na ga alama.

Alhamis, 27 ga Yuni, da safe

Makullin mota yana wurin Sanna. Na ba ta da kaina, ba ƙwata ta yi ba. A rubuta haka.

Litinin, 1 ga Yuli, da rana

Jan kwalekwalen ya gamu. Na goge, na shafa fenti sau biyu. Na bi tsagar da tafin hannu ido a rufe, ban ji gaɓa ba. Hannu bai manta komai ba.

Ranar ashirin ga wata ne. Kowace shekara tun aurenmu, ashirin ga Yuli muke sa kwalekwale a ruwa mu bi doguwar hanya, mu biyu, ba baƙo ba waya. Shekarar da aka haifi Sanna ma mun je, tana kwance a kwando a tsakiya. Sau talatin da huɗu. Ba zan bari ya tsaya a talatin da huɗu ba.

Ban kira Helmi ba. Ita ma ba ta kira ba. Sanna ta faɗa mata komai, na sani. To me ya rage in faɗa?

Alhamis, 4 ga Yuli, da yamma

Wasu samari uku da wani dattijo sun dawo daga doguwar hanya da kwalekwale biyu. Sun ce ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito kamar haƙora. A Maƙeri ba su yi gangancin bi ba, sun ɗauki kaya a ka sun bi ta hanyar tudu, sawu uku, sauro ya sha jininsu ya ƙoshi. Dattijon ya ce shekararsa saba'in, ya bi koguna a ƙasashe biyar, kuma bai taɓa jin kunyar sauka ya ɗauki kwalekwale a kafaɗa ba. Ban tambaye shi ba. Mutane suna son ba da shawarar da ba a nema ba.

Na fara fere sabon filafili. Wanda ya karye a hannu ba ya iya jan mai nauyi. Na zaɓi busasshen katako mara nauyi, na rage faɗin bakin, mariƙin kuma na karkata shi kaɗan yadda wuyan hannu ba zai lanƙwasa ba. Ban auna ba. Na san girman tafinta.

Laraba, 10 ga Yuli, da safe

Na ba Reijo filafilin ya kai. Ya juya shi ya ce, "Ina takardar?" Na ce wace takarda. Ya ce, "Kaftin, mutane in sun yi laifi rubutu suke haɗawa da shi. Ko kalma biyu." Na ce filafilin ya isa magana. Ya ce, "Wallahi yayata ta yi haƙuri. Ni da sati ɗaya zan jefa ka a kogi."

Mun shirya da shi, ina ji. Ya koma cewa Kaftin.

Litinin, 15 ga Yuli

Yau za a cire wa Helmi filasta. Ba wanda ya kira ni.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Helmi ta zo. Na fito daga rumfa na tarar da ita a cikin tumatir tana tsinke ganye da hannun hagu. Na daɗe ban san tana wurin ba. Ta hagu ta tsaya. Da gangan, na san ta.

Ta rame. Hannun ya yi siriri, fari fat.

Ta ce, "Ka cika musu ruwa. Kullum sai ka wuce gona da iri."

Na ce, "Sun yi 'ya'ya dai."

Ta ce filafilin ya yi, ta gwada shi a kan gado. Sannan ta zauna a kan bokiti ta ce in saurara, sau ɗaya za ta faɗa.

"Karayar ba ta dame ni ba, Tauno. Ruwan ma bai dame ni ba. Idonka kuwa ba laifinka ba ne. Amma mai gaba ba ya waiwaye. Shekara talatin da huɗu na ba ka bayana, abin da ka faɗa shi na ɗauka. Da ka yi shiru ranar nan, da na ja goshin da kaina, akwai lokaci. Ka ce ka gani, na sake jiki. Zan shiga ranar Asabar. Rana ta uku akwai gada, Reijo zai jira da mota. In na ji kalmar nan sau ɗaya, a nan zan sauka. Kuma ba nan gidan zan dawo ba."

Na ce kalma ce kawai, baki ya saba.

Ta ce, "To ka koya masa wata."

Asabar, 20 ga Yuli, da yamma, masaukin farko

Muna kan ruwa. Talatin da biyar.

Bugunta yana nan, sai dai ba ƙarfi. Ba komai, ina da na mutum biyu. Ta kira dutse sau tara yau. Sau tara na cije leɓe na karkata. Harshena har ciwo yake. Ashe kalmar nan ba daga kai take fitowa ba, a bakin take zaune kamar haƙori.

Lahadi, 21 ga Yuli, da yamma

Saura kaɗan. Bayan cin rana, a wata 'yar gangara, ta ce, "Dutse, hagu," sai na ji bakina ya ce, "Na ga..." Na kama shi a nan. Na ce, "Na gaji. Na gaji, na ce."

Ba ta juyo ba. Amma na ga kafaɗunta suna rawa. Can ta ce, "Yau ka fara gajiya a duniya, Tauno Karppinen. A sa a jarida."

Ta tsinko 'ya'yan itacen fadama cike da kofi, ta raba biyu. Da lokacin ɗigo ya yi na juya baya ina fama, rabi yana bin kunci. Ta karɓi kwalbar ta ce in ɗaga kai. Hannunta warin hayaƙi.

Litinin, 22 ga Yuli, da yamma, bayan gada

Reijo yana kan gada ya jingina da mota yana cin burodi. Ya leƙo ya ce, "Yaya, in buɗe ƙofa?" Helmi ta ɗaga kai ta ce, "Koma gida ka wanke kwanukanka, na ga yadda ka bar su." Muka wuce ta ƙarƙashi. Ya jefo mana sauran burodin, ya faɗa ruwa.

Na ɗauka an gama. Da muka kafa tanti na ce mata to ga shi, kwana uku ban faɗa ba. Ta ce, "Ba ka faɗa ba. Ba ka kuma faɗi komai ba. Kwana uku ina kira kamar mai magana da bango. Ban san abin da kake gani ba, ban san wanda ba ka gani ba. Gobe Maƙeri. Da shirun nan ba zan bi shi ba."

To me take so?

Na san abin da take so.

Talata, 23 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma, ƙasan Maƙeri

Tun daga nesa ake jin sa. Mun ɗaure a bakin tudu muka hau mu duba, yadda nake koya wa baƙi, yadda ni kaina na daina yi shekara ashirin. Ga hanyar ɗaukar kaya nan ta bi cikin itatuwa, a buɗe. Ta ce in mun bi ta nan ba abin kunya ba ne. Na ce na sani.

Ta miƙa siririn hannun nan ta nuna. "Ga shi can. Ƙasa da farin kumfan, hagu."

Na duba. Na ga kumfa, na ga gaɓar dama, na ga itacen da ya faɗi tun bara. Inda take nunawa babu duhu, babu hazo. Babu komai ne kawai, kamar kogin ya ƙare a nan. In na juya kai sai ya fito, in na dubi gaba yadda mai baya ke duba sai ya ɓace. Kaina har ya fara gyaɗawa da kansa. Na tsayar da shi.

Na ce, "Ban gani ba, Helmi."

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Shekara biyu. Ko fiye."

Ta share hanci da bayan hannu ta ce, "Tsohon banza. Shekara biyu kana tuƙa ni da ka." Sannan ta ɗaure igiyar rigar ceto ta ce, "To da nawa idon za mu bi. Zan kira komai, ba dutse kaɗai ba. Bugu nawa, ta ina, yaushe. Kai kuma ka amsa, in san ya iso."

Na ce in amsa da me.

Ta ce, "Kunnenka ma ya mutu ne?"

Muka shiga. Ban kalli ruwa ba, bayanta na kalla. "Dama, biyu!" Na ce, "Na ji!" "Miƙe! Miƙe! Riƙe haka!" "Na ji!" Ruwa ya watso mana har ƙirji. "Dutse, hagu, yanzu, ja!" "Na ji!" Na danna da duk abin da Allah ya ba ni. Wani abu ya wuce ta gefen hannuna, kusa har na ji sanyinsa. Ban gan shi ba. Ko fenti bai taɓa ba.

A ƙasa ta ɗora filafili a cinya, ta juyo. Ta juyo gaba ɗaya, a cikin kwalekwale, abin da nake hana baƙi. Ta ce, "Muryarka kamar ta jaki." Na ce na ji.

Alhamis, 25 ga Yuli, da rana, bakin tafki

An iso. Kwana shida cif. Muna jiran Reijo da mota, ya makara kamar kullum. Helmi tana kwance a kan ciyawa, hula a fuska. Ta ce in mun isa gida a fara cire wayar nan daga madubin mota, abin kunya. Gida ta ce.

Zan gyara abin da nake faɗa wa baƙi. Mai gaba ido, mai baya hannu, wannan yana nan. Zan ƙara amsar.

Ɗazu, a tsakiyar tafki, ruwa kwance ba ko iska, inda ni da kaina na taɓa sakin igiya gaba goma ba ta taɓa ƙasa ba, sai ta ce a hankali, ba ta ko ɗaga murya ba, "Dutse, hagu."

Na ce, "Na ji."

Na kauce masa.